Kwamfutar Marigayi Halidu

Kwana uku Hafsatu tana fama da kwamfutar da mijinta, marigayi Halidu, ya bari. Ɗiyarsu ce za ta tafi da ita jami'a, amma kullum aka kunna ta sai ta kama sabunta kanta, ta kai saba'in cikin ɗari, ta koma baya.

Ta ɗauko ta daga Akokan zuwa shagon Élie, mutumin Maraɗi mai gyara a kasuwar Arlit. Ya duba rezo na intanet, ya duba caja, sannan ya ɗago kai.

"Inna, lafiyarta lau. Cika ta yi, sabon bai samu wurin zama ba. Sai an goge bidiyoyin nan."

Ya buɗe ɗaya. Sai ga Halidu da hular kwano, ranar da aka rufe ramin ma'adinai, yana kiran sunayen abokan aikinsa.

Hafsatu ta dafa tebur. "A bar ta da ciwonta."

Élie bai yi musu ba. Ya zaro ɗan kile na ajiya, wato filas ɗin da ake soka wa kwamfuta, ya kwashe bidiyoyin duka a ciki, ya nuna mata sun shiga, sannan ya goge. Sabuntawar ta wuce sumul.

Ta juya kilen a tafin hannunta, ta ce, "Ɗana, koya mini yadda ake kunna shi."