Akwati a Tsakani

Malam Sabi'u malamin gona ne a Dutsin-Ma, aikinsa zagayen ƙauyuka. Ya daɗe yana yin sa a kan keke, sai a kakar shekarar 1964 ya sami babur, baƙi, mai nauyi, irin na doguwar tafiya. Babur ɗin ya zo da sirdi ɗaya da madubi ɗaya. Bayansa ƙarfe ne fayau, babu komai a kai.

Washegari abokinsa Mamuda bakanike ya zo zaure su shawarta abin da za a fara sa masa. Zaituna, matar Sabi'u, tana tankaɗe a bayan katangar zauren, tana jin su.

"Gilashin tare iska za ka fara sawa," in ji Mamuda. "In ba haka ba kafin ka kai Kutawa ka ƙoshi da fara."

"Fara ai nama ce."

"To ƙara madubi, ka riƙa duba zaman hularka."

Sabi'u ya yi dariya. "Bar zancen hula. Bayan nan nake tunani."

"Bayan nan abu ɗaya yake ɗauka, Malam. Ko akwatin kayan aikinka, ko sirdin fasinja. Ka zaɓa."

Hannun Zaituna ya tsaya a kan rariya. Mahaifiyarta, Inna, tana Birchi da gyambo a ƙafa tun damina. An ce sai an kawo ta asibiti an wanke an yi allura, amma ba ta iya takawa zuwa hanyar mota, jaki kuma in ta hau ƙafar ke reto har ta yi jini. Zaituna ta san akwati Sabi'u yake bukata, har ya riga ya sa Ilu kafinta ya yi masa guda, siriri mai tsayi, don iri da igiyar awo. Ba ta iya buɗe baki ta roƙa ba.

Da ta kai masa tuwo bayan la'asar, ta durƙusa, idonta a kan tabarma, ta ce, "Masu zuwa kasuwa sun ce ƙafar Inna ta kumbura." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ya ja kwanon ya ci tuwonsa. Amma kwana kaɗan bayan haka babur ya dawo daga wurin Mamuda da sirdi na biyu, akwatin kuwa aka jingine shi a kusurwar zaure. Kayan aiki a buhu Sabi'u ya riƙa rataya su.

Ranar Asabar ya tafi Birchi. Zaituna ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura. Da ta ji ƙarar babur ta leƙa ta ƙofar zaure. Sirdin baya ba kowa.

"Ta ƙi," in ji shi, yana cire takalmi. "A zaure na tsaya, na aika Yahanasu matar ƙanenki ta faɗa mata. Ta aiko wai ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya yi albarka. Alhali ina jin nishinta daga inda nake zaune."

Zaituna ta san dalili. Tun da aka yi aurensu Inna ba ta taɓa cin abinci a gaban Sabi'u ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta hango shi a hanya, ratsewa take ta cikin gero. Ga shi Zaituna 'yar fari ce, ita kanta Inna ba ta faɗin sunanta.

"Malam," ta ce a hankali, "in ta hau, me za ta riƙe?"

Ya dubi babur ɗin, ya dubi sirdin da ya manne da nasa. Ya shafa gemu.

"Na zaci ciwo ya fi kunya."

"A wajen Inna bai fi ba."

"To ba amfanin sirdin ke nan. Gobe Mamuda ya cire shi, a sa akwatin."

Ya tafi masallaci. Zaituna ta daɗe a tsaye a zauren, tana tunanin ƙafar da kullum take ƙara lalacewa. Sai ta ɗauko akwatin don ta goge shi, ta rasa inda za ta ɗora, ta aza shi a tsaye a kan babur ɗin, daidai inda sirdi biyun suka haɗu. Ta tsaya tana kallonsa. Daga nan ta gyara zanenta, ta zauna a bayansa a kaikaice, ƙafafunta a gefe guda, ta kama bakin akwatin.

A haka Sabi'u ya same ta. Ta yunƙura za ta sauka.

"Zauna," ya ce. "Me kike yi?"

Muryarta da ƙyar take fita. "Malam, ka hau."

Ya hau. Bayansa ya jingina da katako.

"Ka ji na taɓa ka?"

"A'a."

"Ni ma ban ji ka ba."

Mamuda ya sha dariya da aka kai masa aikin. "Na daɗe ina gyaran babur, Malam, ban taɓa gina katanga a kai ba." Amma ya yi. Ya ƙara wa ƙarfen baya tsawo, ya matsar da sirdin, ya ɗaure akwatin a tsakani, ya kafa masa mariƙi. Zaituna ta aika ta bakin mijinta cewa a sa katakon ɗora ƙafa a gefen da babu salansa, wato bututun hayaƙi, a kuma rufe taya kada ta kama zane. Gilashi aka ce sai wani lokaci.

Da aka gama, Sabi'u ya sake komawa Birchi. Wannan karon Zaituna ba ta dama fura ba, don kada ta sake zubar da ita. Tana tsakar gida ta ji ƙarar, a hankali, kamar babur ɗin yana tafiya da sanɗa. Ta fita.

Inna na zaune a kaikaice, ta lulluɓe har goshi, ƙafar mai ciwo a naɗe a kan katako, hannayenta biyu a kan mariƙin. Sabi'u ya tsaya, ya kafa ƙafafunsa, ya zuba wa katangar maƙwabta ido har Zaituna ta sauko da ita.

"Ke," in ji Inna, ƙasa-ƙasa, "ki ce da mai gidan nan an gode. Ya iya tafiya."

Sabi'u, taku biyu daga wurinsu, bai juyo ba. "Ki ce mata da safe za mu asibiti."

Da Zaituna ta dawo ɗaukar ƙullin kayan Inna, ta lura da madubin babur ɗin. An karkatar da shi ƙasa, ba abin da yake nunawa sai turɓayar hanya.