An Hana Kurciya Kuka

…kuma ba ta yi ba. Allura ta shiga bayan hannu, ta fita, ta sake shiga, yarinyar ko uffan. Uwar tana tsaye bayan gilashi, 'yan kunnen 'yarta Kurciya a tafin hannunta — an ce a cire duk wani ƙarfe — tana kallon gado yana zamewa da 'yarta cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ƙafafu kaɗai suka rage a waje. Safa ɗaya a juye.

Jijiyoyin jinin kanta sun tsuke, in ji likita, sun zama kamar zare. Kada ta hura balan-balan. Kada ta hura abu mai zafi. Kuka mai tsanani kuwa, ko kusa. Numfashi da ƙarfi yana rage jinin da ke hawa sama… Wa ya taɓa jin an hana yaro kuka? Amma ai uwar ta gani da idonta — ranar da kofin Kurciya ya fashe, tana ta shessheƙa, sai hannun dama ya saki, baki ya karkace, "Umma" ta ƙi fita.

Abbanta ne mai hura mata shayi. Ya durƙusa da kayan aiki a jikinsa, ya kumbura kumatu da gangan: "Ranki ya daɗe, fanka ta iso." Yarinya tana dariya, shi kuma yana satar kallon uwar ta saman kofi… Wannan kallon. Wayyo, wannan kallon.

Na'ura tana bugu, tana bugu, kamar ana ƙwanƙwasa gidan da babu kowa.

Da aka zo da labarin Abban ya yi hatsarin mota, me uwar ta fara yi? Ba ihu ba. Ƙofa ta rufe. Ta roƙi 'yan'uwansa — don Allah Yaya, ku fita waje ku yi kukanku — sannan ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu. Abba ya rasu, amma kada ki yi kuka, kin ji? Don ni. Kurciya ta dube ta, ta haɗiye kukan. Har yau haɗiyewa take.

Ita uwar a banɗaki take yin nata kukan, famfo a buɗe don kada a ji. Ita tana da banɗaki. Yarinyar fa, a ina?

Gado yana fitowa. Nas tana tafi: "Kai, jaruma! Wasu manyan ma sai an lallaɓa su." Jaruma… Shekara shida. Uwar ta duƙa za ta ɗauke ta, ƙananan yatsu suka kama mayafinta.

"Umma," can ƙasa-ƙasa. "In hoton ya yi kyau… zan iya yi wa Abba? Kaɗan kawai. A hankali zan yi."

Likita bai ma duba hoton ba tukuna. Uwar ta buɗe baki. E? A'a? Wanne ne ba zai cutar da ita ba, wanne? Idanun nan, irin na Abbanta sak, a bushe, suna jira — kuma babu famfo a ɗakin nan…