Cunkoso a Kan Zaren Gado

Shekara tara Yaya ta yi tana lissafin cunkoso, amma ba na motoci ba. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan injina da ke bin zaren saƙon gado ɗaya bayan ɗaya, suna karantawa suna ƙera furotin, sinadarin gina jiki. Layi ɗaya ne, babu mai wuce na gabansa. Ita dai so take ta samo lissafin da zai faɗi inda za su cushe. Duk sashen lissafi Yaya ake ce mata, don ta riga kowa zuwa.

Sai aka ɗauki sabon malami, Dogo, aka haɗa su ofis. Wata huɗu ya yi yana shan shayi yana kallon allonta. Ran nan ya ce, "Yaya, kin ɗauka kowane inji gurbi ɗaya yake ci. In babbar mota ce fa, mai cin gurbi goma?"

"Na gwada tuntuni," in ji ta. Ba ta taɓa gwadawa ba.

Shi ya gwada. Lissafinsa ya yi daidai da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje kamar an auna, har aka gayyace shi babban taro ya yi bayani. Shugaban sashe, wanda bai taɓa leƙo su ba, ya zo taya murna, kuma a kujerarta ya zauna.

A gida maigidanta ya ce, "Wai Dogon nan me ya tsare miki? Tun da na shigo sunansa nake ji, ko sannu da zuwa ban samu ba."

Ta karɓi takardun Dogo, wai za ta duba masa. Kwana uku tana farautar kuskure da jan biro. A shafi na sha ɗaya ta kama shi: ya sa ɗebewa inda tarawa ta kamata. Ranta ya yi fari tas, har da 'yar waƙa. Ta gyara a kwamfuta don ta ga yadda aikin zai rushe.

Bai rushe ba. Layin da lissafin ya zana ya ƙara zama daram a kan sakamakon gwaji, har wasu ɗigo biyu da suka bauɗe a da suka hau kansa.

Ta daɗe zaune tana kallon layin. In ta yi shiru, babu wanda zai sani. Amma barin lissafi a karkace ya fi ƙarfinta. Da Dogo ya dawo daga aji ta tura masa takardun.

"Shafi na sha ɗaya. Gyara kafin ka kunyata mu."

Ya duba, ya dafe kai. "Kai, Yaya! Wallahi sai na sa sunanki."

"Na biyu ko?"

"Na biyu mana."

"To, sa."

Ranar taron ta zauna a layi na uku. Ya ambace ta sau ɗaya, can wajen ƙarshe. Ta tafa tare da kowa, amma ita ta fara sauke hannu.