Raken Fadamar Maiwada

Ran da labari ya iso Kudan cewa Baturen gona zai kawo injin matse rake, irin wanda doki ke juyawa, Maiwada bai iya gama tuwonsa ba. Inji ɗaya ne tak, kuma manomin da rakensa ya fi kyau za a ba. Wanda ya samu kuwa, mazarƙwailarsa za a sha daga nan har Makarfi. Maiwada har ya fara jin ƙamshinta.

Kuma ba a banza yake rawar kai ba. Bai daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba, ya sayi doki, ga Turancin bariki a bakinsa. Fadamar da ta fi kowace rake a garin ma tasa ce, gadon uba. Sai dai da sauran magana. Da zai tafi soja ya ba ƙanensa Sama'ila aronta, kuma raken da ke tsaye a ciki yanzu Sama'ila ne ya dasa, ya yi wa ban-ruwa. A Kudan kuwa ba a taɓa amfanin mai aro sai ya girbe abinsa.

Maiwada ya ture wannan tunani gefe, ya garzaya wurin Malam Ashafa, malamin elementare, don a goge masa harshe. Malam ya saurare shi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Turancin nan nasa ba shi da jiya ba shi da yau. Ya koya masa cewa in mutum yana kan noman zai ce "I plant," in kuwa a da ne ya yi, sai ya ce "I planted."

"To, wanne ne naka?" in ji Malam.

"A ba ni duka biyun, Malam. Na zaɓa a hanya."

Daga nan gida ya kasa zaunuwa. Ya faɗa wa doki sabon Turancinsa, ya faɗa wa kaji, ya faɗa wa matarsa Hajo har ta ce ko dai a nemo masa rubutu ya sha. Na yanzun, wato "I plant," ya fi yi masa daɗi a baki, shi ya fi maimaitawa. Sama'ila yana ji ta bayan danga, ya ci gaba da aikinsa, don ƙane ba ya ja da wansa.

Ranar da motar Baturen ta iso, gari ya fashe. Mata suna leƙe ta katanga, makaɗa sun biyo ba wanda ya gayyace su, ga inji a bayan mota yana ƙyalli. Aka zaga gonaki, aka zo fadamar. Bature ya tsaya yana kaɗa kai, ya tambaya da Turanci wa ke noman wannan rake. Maiwada ya ƙame, ya sara masa cike da murna. Kafin ya buɗe baki sai Bature ya nuna wani kara mai kauri, ya ce a saro masa ya ɗanɗana.

Maiwada ya ɗaga adda, sai hannu ya ƙi sauka. Tun yana yaro bai taɓa saran raken wani ba sai ya nemi izini. Bai san sanda ya waiwaya yana neman idon Sama'ila ba. Ya hango shi can bayan jama'a, hannuwansa duk zanen kaifin ganye. Kunya ta rufe Maiwada.

"I planted," ya ce, yana dafa ƙirji. Ya janyo ƙanensa gaba, ya danƙa masa addar. "He plant."

Malam Ashafa ya ɗan yamutsa fuska don an ci harafin "s" na ƙarshe, amma ya bar shi. Aka sauke inji da sunan Sama'ila, guɗa ta kaure.

Sama'ila ya durƙusa. "Yaya, ni da ba ni da doki, me zai juya mini shi?"

"Nawa cin ciyawa kawai ya iya? Tashi mu ɗaura."

Kafin la'asar ruwan rake ya fara zuba a tukunya, Maiwada na bin doki yana zagayawa, yana dariya kamar shi aka ba. Da ya hango Malam zai wuce, sai ya ɗaga murya.

"Malam, ka ba ni na jiya da na yau. Saura na baɗi."