Tsingaron Randar Kulu

Ranar da muka sa wa tukwane wuta, ranar ruwa ya taso. Wallahi kamar jira yake yi.

Mu magina tukwane ne. Da tafkin Kainji ya haɗiye tsohon garinmu da matoyarmu ta farko, ramin da muke gasa tukwane, kakata Kulu randa guda ta ɗauko a ka, Innata goye a bayanta. Tun daga nan duk yumɓun da aka kwaɓa a gidanmu sai an daka ɗan tsingaron randar an zuba a ciki. Guntun ƙarshe shi Inna ta daka wannan karon, ta ce tukwanen wannan gashin su ne irinmu daga yau, tsingaronsu za a riƙa dakawa.

To ga su cikin wuta, ga ruwa yana hawowa ta gonar shinkafar Bitrus maƙwabcinmu.

"Inna, mu kwashe su!" na ce.

"Ke Balaraba, hankalinki ɗaya? Tukunya da zafinta ta sha iska, mi za ya rage?"

Gaskiyarta, kuma gaskiyar ta ƙona mini rai. A fitar da su su fashe, a bari ruwa ya taɓa su su fashe. Bitrus ya rugo da fartanya, muka hau tara ƙasa a bakin matoya, laka har gwiwa. Inna ko kallonmu ba ta yi. Tana tsaye riƙe da doguwar sandar tonon wuta, idonta a kan ruwan.

Ƙasar da muka tara ta ɓalle ta gefen Bitrus. Ruwa ya faɗa garwashi, tururi ya turnuƙe, sai ƙara, tas, tas, tas. Na ɗora hannu a ka. Ko ɓaraguzan ma ruwa zai tafi da su.

"Inna, ina za ki? Fito!"

Tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta riga ta shige cikin tururin. Ta saƙalo tulu ɗaya da sanda, ta jawo shi kan busasshiyar ƙasa, jajur, ko tsaga babu. Na fara alhamdu lillahi ke nan ta ɗaga sandar ta maka masa. Ya tarwatse.

"Haba Inna! Shi kaɗai ya fito lafiya!"

"Wa za ya ɗauke shi da wutar ga? Ruwa ba shi jiran shi huce."

Ta kwance gyauto, ta tattara tsingaron da hannunta. Ina ganin fatar yatsunta tana tashi, zanen yana hayaƙi. Ta ƙulle ta miƙo mini.

"Kama. Sau biyu ruwa na korata, na gaji. Matoya ta uku ke za ki haƙa."

Ruwa ya kai mana idon sawu. Bitrus ya riƙe Inna, ni na ɗora ƙunshin a ka da zafinsa, muka nufi tudu.