Maharban Idwal

"Ja mana! Ba ke ce mai ba sojoji dubu umarni ba?"

Narelle ta cije leɓe ta ja tsirkiyar. Bakan ya fi ta tsawo, ya ƙi lanƙwasuwa, kafaɗarta ta hau rawa. Maƙwabcinta Idwal, wanda ya shekara arba'in yana sassaƙa dogayen bakuna a birnin Hobart, yana zaune a ƙofar rumfarsa da robar iska a hanci, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kin gani? Amma naki maharban sai harbi suke kamar ba su da kafaɗa."

Wasan yaƙi na kwamfuta take haɗawa a wani ƙaramin kamfani, na zamanin sulke da dawakai. Ta nuna masa don ya yaba, shi kuwa ya yi masa kaca-kaca. Ya ce kibau suna ƙarewa, hannu yana gajiya, kuma ba maharbin da zai tsaya a fili bai kafa turaku masu tsini tsakaninsa da doki ba.

Declan, shugabanta a ofis, ya ƙi gyaran. "Saura wata guda mu fitar. Nishaɗi mutane suke nema."

"Ba ni mako biyu. In bai yi daɗi ba, da hannuna zan cire."

Declan ya yarda. Kwana tara da fara aikin aka kwantar da Idwal a asibiti, huhun ya ƙi. Ran Lahadi da rana ta kai masa kwamfutar har gado. Hannunsa na karkarwa, don haka shi ke faɗa, ita ke dannawa.

"Ja su bayan taɓon can. Kafa turaku. Kada wanda ya saki sai na ce."

"Idwal, dawakan sun iso fa!"

"Ke dai tsaya, 'yar nan." Ya ja numfashi da ƙyar. "Yanzu."

Sahun farko ya zube a cikin taɓo. Kafin na biyu ya iso kibau sun ƙare, aka bi ta kan mutanensa.

"An cinye ka, tsoho."

"Laifina ne, na yi ɓarnar kibau. Sake sawa."

A karo na uku ya ci, sannan nas ta sallame ta.

Ran Laraba da hantsi 'yarsa Carys ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Da ganin fuskarta Narelle ta gane Idwal ya rasu. Ta zauna da ita har azahar, sannan ta tafi ofis ta ajiye aikin a gaban Declan, ta tsaya a kansa har ya buga. Sau biyu ana cinye shi yana sakewa, bai yi zancen cirewa ba.

Bayan jana'iza ta taya Carys kwashe kayan rumfar. A kan tebur suka tarar da wani dogon itacen baka, rabinsa a sassaƙe, da layin fensir inda ya tsaya. Carys ta ajiye kwalin hannunta. Narelle ta ɗauko tsintsiya, ta soma share ɓawon itacen da ya zube a ƙasa.