Yatsun Kaltum

Hannun ƙanwata Kaltum gumi yake yi idan ta tsorata. Ba ɗan damshi ba, ruwa sosai, har takardar da ta riƙe ta jiƙe. Bara da ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kan kwamfuta, ta ce tana zama rubutun ya fara yawo a idonta, yatsunta suna zamewa a kan madannai. Ta yi minti arba'in ba ta amsa tambaya ko ɗaya ba.

Bana Baba ya ce wannan ne na ƙarshe. A hankali ya faɗa, yana cire hula. In ba a dace ba, sai ta zauna a shagonsa na hatsi ta taya shi awo. Ita kuwa aikin jinya take so tun tana ƙaramar sakandare.

Saura kwana biyar ta daina cin abinci. Tana zaune a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu na Bulumkutu, littafi a cinya, tsumma a gefe tana goge tafi. Na lura shafi ɗaya take kallo tun hantsi.

Ran Talata Ya Kellu, yayar mahaifiyarmu, ta zo daga Khaddamari. Ta kama hannun Kaltum ta juya shi kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Wannan ai zafi ne ya taru a jiki. Ku kuna zaune da magani a gida kuna kallon yarinya tana ƙarewa?"

Ta kwaɓa lalle mai kauri, ta shafe mata tafin hannu duka biyu har kan yatsu, ta ƙunshe da leda. Ta ce lalle yana sanyaya hannu, sanyin kuma yana hawa har zuciya.

"To in an ƙunshe da me za ta yi rubutu, Ya Kellu? Amarya za mu kai ko ɗaliba?" na ce.

"Kai dai je ka ja kekenka, Habib. Da ka zauna a aji da yanzu kai ma an ƙunsa maka."

Abin mamaki, ya yi aiki. Da aka wanke, hannun ya fito ja wur, a bushe. Ran Laraba Kaltum ta ci tuwo, ta ƙara. Na ji ta tana karanta sunayen ƙasusuwa da ƙarfi, tana dariya in ta yi kuskure.

Ran Alhamis da safe na ɗauki Malama Florence a keke napep ɗina, kamar kullum. Tana koyarwa a wata makarantar share fagen jarrabawa. Muna cikin cunkoso ta ce, ba ma da ni take ba, da wadda ke zaune kusa da ita take:

"Na gaya wa 'yan matan ajina, kada wadda ta kuskura ta sa lalle. A bakin ƙofa sai na'ura ta duba zanen yatsanki kafin ki shiga, lalle kuwa yana iya ɓoye shi. In ba ta gane ki ba, shi ke nan, ko da takardarki a hannu."

Sai da na bayana ya danna hon sau uku kafin na san an buɗe hanya.

Yini na yi ina juya maganar. In na faɗa, tsoron zai dawo. In na yi shiru, za a mayar da ita daga bakin ƙofa. Da la'asar na ajiye keken na faɗa mata.

Ta buɗe tafinta tana kallo, ni ma ina kallo, har na ga gumi ya fara tsattsafowa ta cikin jan.

Muka hau wanki. Lemon tsami, omo, toka, ruwan ɗumi da gishiri. Mama ta kawo dutsen goge kaushi ta ce a bi a hankali. Ya Kellu ta riga ta koma, sai ta waya take ta rantsuwa cewa ita alheri ta nufa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai Kaltum wurin abokina Pindar, mai rajistar layin waya a bakin titi. Yana da irin wannan na'urar. Ya ɗora babban yatsanta a kan gilashin. Zanen ya fito a fuskar wayarsa, layi-layi, ba inda ya yanke.

"Ga shi nan tas. Ke, wa ya ce ba za ki shiga ba? Ki je ki kwanta, likita."

Ya gwada sauran yatsun, duk suka fito. Na yi hamdala da ƙarfi har masu wucewa suka waiwayo. Kaltum ta daɗe tana kallon zanen, kamar an nuna mata takardar sammaci.

Ran Asabar da na dawo daga sallar asuba, na ji ƙara a bayan ɗaki, ƙurus, ƙurus, kamar ana wasa wuƙa. Na leƙa. Kaltum ce a tsugune gaban bokiti. Tana ganina ta tura hannu cikin hijabi.

"Me kike yi?"

"Alwala, Yaya."

Cibiyar jarrabawar tana unguwar Maisandari, wani dogon gini ne mai katanga da waya a sama. 'Yan rakiya a waje muke tsayawa. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa ina hango rumfar da ake duba yatsu. Janareta yana ta ruri. Ɗalibi ya ɗora yatsa, a ɗaga masa kai, ya wuce. Layi yana ta raguwa.

Da aka zo kan Kaltum, jami'in ya ɗora yatsanta, ya jira, ya goge gilashin, ya sake. Ya karɓi ɗaya hannun. Na ƙirga da idona, yatsa goma. Ya kira wata mata, ta zo ta ɗaga hannun sama ta duba, ta yamutsa fuska. Suka nuna mata benci a gefe.

Ta zauna ita kaɗai. Na ƙarshe ya shiga. Aka sake kiranta, aka sake gwadawa. Sannan wani ya ja ƙofar zauren ya rufe.

Da ta fito ban yi magana ba sai da muka yi nisa. Na tsaya a inuwar wani bango na kashe keken.

"Mu ga hannun."

Ta miƙo. Kan yatsun goma duk sun saɓule, jajaye, sumul, wasu suna fitar da ruwa. Ba sauran zane ko kaɗan.

"Jiya fa ya fito a wurin Pindar. Da idonki kika gani."

"Na gani."

"To me ya kai ki?"

"Da na ga ya fito, sai na san lallai zan shiga ɗakin nan." Muryarta ba ta rawa. "Na ce bari in ƙara gogewa kaɗan da dutsen Mama don a tabbata. Ina gogewa ina jin numfashina yana dawowa. Na san abin da nake yi, Yaya. Ban iya dainawa ba."

Tafin hannunta a bushe yake ƙarau. Tun da aka fara zancen jarrabawar nan ban ga fuskarta a sake haka ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ta ce, "Ka ce wa su Baba na'ura ce ta ƙi ni. Ai ba ƙarya ba ne."

Mun tarar da Baba a ƙofar gida a kan benci, bai fita kasuwa ba. Ya dubi agogonsa, ya dube mu.

"Har an tashi?"

"Na'ura ce ta ƙi karɓar yatsanta, Baba," na ce.

Ya sake duban agogonsa. Kaltum ta raɓa ta gefensa za ta shige, hannuwanta a cikin hijabi.

"Kaltum," ya ce. "Dawo. Nuna min hannun."